Ranar da Inna Ta Shayar da Tayil ɗin Alhaji Makuba

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa. Akwai mutanen da muka ci tuwo a kwano ɗaya da yanzu ko a hanya muka haɗu sai an tuna mini su. Amma abin da ya faru da ni da mahaifiyata a Funtuwa, 'yan shekaru kaɗan bayan samun mulkin kai, wannan kam ba zai fita raina ba har a sa ni a ƙasa. Ko yau na ga ana wanke tayil a ƙofar wani gida sai abin ya dawo mini sabo.

A lokacin ina da mata da ɗa guda, ina aiki a gidan wani attajiri Bayarabe da ya daɗe a garin. Motocin ɗaukar kaya gare shi, suna jigilar auduga da hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa tashar jirgin ƙasa. Zan riƙa ce masa Alhaji, ko da yake a wannan shekarar ce ya fara zuwa Makka. Ni ne mai kula da gidan. Makullai a ƙuguna suke kwana, ni ke karɓar kaya, ni ke sallamar baƙi, kuma ya ba mu ɗakuna a bayan gida ni da iyalina. Mutum ne mai kyauta ƙwarai. Sai dai Allah ya zuba masa zuciya. In ransa ya ɓaci ba ya duba wa ke gabansa, ba ya duba su wa ke kallo, sai ya zazzage abin da ke cikinsa tas. Gobe kuma ka ga ya aiko maka da yadi.

Abin da Alhaji ya fi so a duk dukiyarsa, in ka cire 'ya'yansa, shi ne farfajiyar ƙofar gidansa. Fili ne babu rufi, an kewaye shi da guntuwar katanga, aka shimfiɗe ƙasan da tayil da ya sa aka ɗauko masa a jirgi tun daga Ikko. Ba irin tayil ɗin yanzu mai santsi da sheƙi ba ne. Fale-falen siminti ne masu kauri, farare, da zanen fure shuɗi a tsakiyar kowane, kuma suna shan ruwa kamar sabon tulu. A duk unguwar babu mai irinsa. Yara har leƙe suke zuwa yi ta kan katanga.

Kula da wannan farfajiya shi ne rabin aikina. Da sassafe in share da tsintsiya mai laushi, in jawo ruwa a rijiya in wanke da sabulu, in bi da tsumma in tsane. In tsince ciyawar da ke tsirowa a tsakanin layuka, in kankare kashin tsuntsayen da ke kwana a kan darbejiyar da ta leƙo ta waje. Da damina kuwa gansakuka ce abokiyar faɗana, in na yi sakaci kaɗan sai ta yi kore a kusurwa. Dokar Alhaji guda ce, kullum sai ya maimaita: ruwa da sabulu kawai, kada a sa komai. Na taɓa ganin ranar da wani babban dillalin auduga, mutum mai furfura, ya manta ya tofar da tukar goro a kai. Alhaji ya tsayar da shi a gaban yaransa ya wanke shi da zagi har sai da mutumin ya bar takalminsa ɗaya ya fice. Ku riƙe wannan hali nasa, don shi ne ya hana ni sukuni a kwanakin da zan ba ku labari.

Alhaji da uwargidansa suka tafi aikin Hajji. Ranar tafiya ya kama hannuna ya kai ni tsakiyar farfajiyar, ya ce ranar da zai dawo a nan za a yi taron tarbarsa, yana so baƙi su ga fuskarsu a ƙasa. Na ce in Allah ya yarda.

Bayan Babbar Salla, ana tsakiyar zafin bazara, sai ga mahaifiyata ta zo daga ƙauyenmu da ke kusa da Ƙarfi, ta zo ganin jikanta. Inna muke ce mata. Doguwar mace ce siririya, ba ta da yawan magana, kuma a ƙauyenmu ba a yi mata gardama. Ita ce uwar daɓe. Duk ɗakin amarya ko tsakar gidan da za a daɓe, ita mata ke kira ta tsaya a kai, ita ke cewa tsakuwa ta isa, ita ke cewa a ƙara duka, kuma ita kaɗai ke jiƙa makuba da hannunta. Ga wanda ya tashi a birni, makuba ruwan ɓawon ɗorawa ne da ake jiƙawa har ya yi ja ya koma baƙi-baƙi, a yayyafa wa daɓe ya sha. Shi ke sa ƙasa ta yi ƙarfi ta yi sheƙi, ruwa ba ya cin ta, gara ba ta huda ta. A wurin Inna duk ƙasar da ba ta sha makuba ba, ba a gama aikinta ba.

Akwai kuma wani nauyi da take ɗauke da shi a zuci. Daminar da ta wuce, da ciwo ya kwantar da mahaifina, Alhaji ne ya tura mota har ƙofar gidanmu, cikin taɓo, aka kai shi asibiti. Allah bai yi zai tashi ba, amma Inna ba ta manta ba. Tun ranar da ta sauka take cewa, "Wannan bawan Allah, da me zan saka mashi? Ba ni da komai."

Na ga sanda ta tsaya tana kallon farfajiyar a safiyar farko. Ta sunkuya ta shafa, ta ɗiga ruwa ta ga ya tsotse nan take, ta sa farce a layin siminti ta ga yana ɗan marmashewa. Ta girgiza kai ta ce, "Mai kuɗi haka, a bar mashi ƙasa da ƙishirwa." Na yi dariya na wuce. Ban kawo komai a raina ba.

Kwana kaɗan bayan haka na bi motar Alhaji zuwa Malumfashi da Kafur don sayo dawa da raguna na abincin tarba. Tafiyar yini ce, amma motar ta lalace a Kafur, sai da muka jira aka kawo ƙarfe daga Zariya. Muka yi kwanaki a can muna kwana a ƙarƙashin mota.

Da hantsi muka dawo. Tun kafin in buɗe ƙofar katanga na ji warin, wannan wari mai tsami-tsami da na sani tun ina yaro. Na tura ƙofa. Farfajiyar Alhaji daga wannan kusurwa zuwa waccan ta koma ja-ja baƙi-baƙi, launin tsohuwar ƙwarya. Furannin nan shuɗɗa da ƙyar ake hango inuwarsu. An bi kowane layi an cike shi da lallausar tsakuwa an danne. Aiki ne mai kyau, in da a ɗakin amarya ne a ƙauyenmu da har guɗa za a yi.

Na shige bayan gida na ja matata gefe.

"Ke kina ina aka yi wannan?"

Ta fashe da kuka. "Malam, ina nan. Ita ta je bayan gari wajen masu ɗorawa ta samo ɓawon, ta jiƙa a randa. Sau uku tana shayar da shi."

"Ba ki san dokar Alhaji ba? Ba ki faɗa mata ba?"

"Ni? In buɗe baki in ce wa Inna kada ta yi? Da wane idon? Ni ma ta sa ni na riƙe mata ƙwarya."

Gaskiya ta faɗa. A tarbiyyarmu matar ɗa ba ta ɗaga kai ta dubi surukarta, balle ta gyara mata aiki. Ko gidan Inna ta ce za ta rushe, iyakar matata ta miƙa mata gatari.

Muna cikin haka sai ga Inna ta fito daga ɗaki da jikanta a kafaɗa. Tun rasuwar mahaifina ban ga fuskarta a sake kamar ranar ba.

"Ka gani?" ta ce. "Yanzu ya zama ƙasa. Ko jikokinshi sa taka. Kada ka faɗa mashi in ya dawo, bari ya gani da idonshi."

Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Sannu da aiki, Inna."

Daga wannan sa'a abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Ba korar da za a yi mini ba ce ta fi damuna, ko da yake na san tana tafe. Abin da nake hangowa shi ne Inna a tsaye gaban Alhaji, jama'a cike, yana yi mata irin wankin da ya yi wa dillalin nan. Matar da ko mai unguwarmu sai ya rage murya in zai yi mata magana. Na rantse a zuciyata, ko me zai faru, ba za a ci mutuncinta ina numfashi ba.

Ga shi kuma babu wanda ya san ranar dawowar. A zamanin ba waya a hannun kowa. Direbobin da ke zuwa daga Kano ne ke kawo labari, kuma sun fara cewa jiragen alhazai sun soma sauka. Ko yau ko gobe. Duk motar da ta yi ham a bakin titi sai in leƙa ta kan katanga.

Na fara da lallashi. Na ce wa Inna gajimare ya fara haɗuwa a gabas, ya kamata ta koma a fara sharar gona, ga mota ma za ta Malumfashi. Ta ce gona ba za ta gudu ba, ita sai ta yi wa Alhaji barka da sauka ta ga yadda zai ji da aikin. Na ce ƙannena suna can su kaɗai. Ta dube ni ta ce, "Korata kake?" Daga nan na bar maganar.

Sai na koma wanki a ɓoye. Duk sanda ta shiga gari gaishe da 'yan ƙauyenmu da ke aure a Funtuwa, ko zafin rana ya kwantar da ita, sai in zari bokiti in faɗa kusurwar da randunan ruwa suka kare. Sabulu bai yi komai ba. Na gwada toka, na dirje da yashi, ko gezau. Wata maƙwabciya ta ce in sa kanwa, na sa, wurin ya ƙara baƙi. Wani ya ce lemun tsami. Shi kam ya ɗan yi haske, har na fara hamdala, da ya bushe sai na ga ya cinye fuskar tayil ɗin ya bar ta kaushi-kaushi da fari-fari kamar makero a fatar mutum.

Da na ga abin ya fi ƙarfina na nemo birkilan da ya shimfiɗa shi, wani mutumin kudu mai fara'a da ke zaune a Sabon Gari. Yana shigowa fara'ar ta ɗauke. Ya ɗora hannu biyu a ka. Ya tsuguna ya kankara da wuƙa, ya duba.

"Aboki, wannan ya shiga ciki," ya ce da irin Hausarsa. "Ba wanki ba. Sai ka goge da dutse, da ruwa, kaɗan-kaɗan har baƙin ya tafi. Amma hankali, fure ba shi da kauri. Ka wuce, fure ya tafi."

Na tambaye shi ko akwai sabo a saka. Ya ce ko a Kaduna babu, sai Ikko. Na ce gugar za ta ɗauki kwana nawa. Ya dubi faɗin farfajiyar, ya dube ni, ya ce Allah ya taimake ni. Ya bar mini duwatsun wasa wuƙa guda biyu ya tafi.

Da azahar ɗin ranar Inna ta fita unguwa. Na durƙusa da dutse a hannu, rana tana dukan ƙeyata, ina gurza ina zuba ruwa. Jan ruwa na gangarowa yana bin gwiwoyina. Da ƙyar fure ɗaya ya fara leƙowa. Na duƙufa sosai har ban ji buɗe ƙofa ba. Inuwa kawai na ga ta faɗo a kan hannuna.

Inna ce. Ta dubi dutsen, ta dubi jan ruwan, ta dubi kusurwar da lemun tsami ya ɓata.

"Kankarewa kake?"

"Inna..."

"Tambayarka nake. Aikin nawa kake kankarewa?"

Ban ɗaga kai ba na faɗa mata komai. Na ce wannan ba irin ƙasarmu ba ce, farinsa da furensa su ne kuɗinsa, da su ne Alhaji ke alfahari, kuma ya hana a sa masa komai sai ruwa da sabulu. Ina magana ina jin kamar ni ke marin ta.

Ba ta yi kuka ba. Inna ba ta kuka a gaban 'ya'yanta. Ta ce a hankali, "Ashe ɓarna na yi mashi." Ta sake cewa, "Mutumin da ya ɗauki ubanku a mota." Sai ta kwance mayafinta ta ɗaure a ƙugu, ta durƙusa a gefena, ta miƙa hannu ta ɗauki dutse na biyu.

Na roƙe ta ta bari. Na roƙe ta ta hau mota ta tafi gida, in Alhaji ya zo in ce ni ne. Ta ce, "Ban taɓa yin aiki na gudu na bar wani ya amsa ba. Ba zan fara da tsufana ba."

Haka muka yi ta gurza, ni da ita, matata na jawo ruwa da goyo a baya. Tun fitowar rana har ta faɗi. Fatar yatsunmu ta saɓule, siminti ya ci tafin hannun Inna har yana tsattsafo da jini, ta naɗe da tsumma ta ci gaba. Wani wurin furen ya fito, wani wurin mun wuce gona da iri ya goge ya bar toka-toka. Ko kashi ɗaya cikin huɗu ba mu ci ba. Gaskiyar magana farfajiyar ta fi muni yanzu, don a da launi ɗaya ce, yanzu kuwa ta zama dabbare-dabbare.

Sai ga yaron mota ya shigo a guje wata safiya yana haki, ya ce an ga su Alhaji a Zariya, suna tafe da la'asar, har da baƙi daga Kano da suka rako shi.

Na jefar da dutsen. Na bi gidajen maƙwabta da masallacin unguwa ina aron tabarmi, na shimfiɗe farfajiyar kaf, ko tafin hannu ban bari a buɗe ba. Dabarata ita ce a yi taro a watse, in ya huta ya ci abinci in same shi shi kaɗai in faɗa masa. In zai yi zagi ya yi mini a ɗaki. Na roƙi Inna don girman Allah ta zauna a bayan gida kada ta fito. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

La'asar sakaliya muka ji ham ɗin motoci da kiɗan 'yan'uwansa Yarabawa tun daga bakin kasuwa. Kafin ka ce me, unguwa ta cika. 'Yan kasuwa, direbobi, malamai, mata da yara har kan katanga. Alhaji ya fito daga mota cikin farar jallabiya da rawanin Makka, ya rame kaɗan, yana ta murmushi ana rungumarsa. Ya riƙo hannun wani babban baƙo daga Kano, suka shigo tare. Ya miƙo mini hannu na durƙusa na yi masa barka. Sai ya dubi ƙasa.

"Wa ya ce a rufe? Tun a Makka nake ba baƙon nan nawa labarin wurin nan. Ɗauke tabarma."

Na ce, "Baba, jama'a da yawa, kada a taka da takalmi. A bari a watse."

Ya yi dariya. "A taka! Yau ranar farin ciki ne. Ku ɗauke."

Ban motsa ba. Yaran motarsa ne suka yi caraf suka fara naɗewa. Na ji kiɗan yana mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har wurin ya yi tsit, sai kukan wani jariri a can baya. Alhaji ya saki hannun baƙonsa. Ya taka a hankali zuwa tsakiya, yana duban ƙasa hagu da dama. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Wane ne ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

Ya juyo kaina. Abin da ya faɗa mini ba zan maimaita ba, wani da Hausa wani da harshensu. Maci amana, baƙauye, wanda aka ɗauko daga daji aka sa a inuwa. Na sunkuyar da kai ina karɓa, har ina jin wani sanyi a raina, don na ga guguwar za ta ƙare a kaina. Baƙon Kano yana cewa, "Alhaji, haƙuri, daga ɗakin Allah kake," amma ko jinsa bai yi ba.

Sai na ji jama'a suna darewa ta bayana.

Inna ce. Ta yafa mayafinta, hannayenta naɗe da tsumma. Ta ratso mutane ta zo gaban Alhaji, ta durƙusa gwiwa biyu a kan tayil ɗin. Ban taɓa ganin ta durƙusa wa wani ɗa namiji ba in ba mahaifina ba.

"Alhaji, barka da sauka. Yaron nan ƙarya yake, ba ya ma gari. Ni ce. Makuba ce na sa, irin yadda muke yi. Na so in gode maka ne, ban sani ba."

Na ɗan sa rai zai yi sanyi, don mutanensu suna girmama tsofaffi. Amma wutar ta riga ta kama, kuma kunyar baƙonsa tana ƙara hura ta. In ya fusata Hausarsa takan karye har ya ce wa mace kai. Ya nuna ta da yatsa, yatsan har yana kusa da goshinta.

"Kai ne? Wa ya aike ka? Nan garken akuya ne na ƙauyenku? Tsohuwar banza marar hankali!"

Wasu samari a kan katanga suka kwashe da dariya. Wannan dariyar har yau ina jin ta.

Ban san sanda na miƙe ba. Ban ɗaga murya ba, ban kuma zage shi ba, Allah ne shaidata. Na kwance igiyar makullai daga ƙuguna na ajiye a gaban ƙafarsa. Na shiga tsakaninsa da ita.

"Baba, gida naka ne, tayil naka ne, ni ma yaronka ne, ka yi mani abin da ka ga dama. Amma wannan ba 'yar aikinka ba ce. Ita ta haife ni."

Na juya na kama ta ta kafaɗu na ɗaga. Ta yi mini nauyi fiye da yadda na zata. Muka ratsa jama'a, dariyar ma ta tsaya. Ban waiwaya na ga fuskar Alhaji ba. Matata ta riga ta fara ƙulle kaya. A gidan wani ɗan ƙauyenmu muka kwana, da safe muka hau bayan motar hatsi mai zuwa Malumfashi.

Muka kama hanya. Inna na zaune a kan buhu ta juya mini baya, tana kallon gonaki da aka fara sharewa. Can sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Ka yi wauta. Ga mata, ga ɗa, ga damina ta zo ba ka da ko damin dawa. Da ka bari ya gama zaginshi, gobe zai huce. Me zagi zai rage ni da shi?"

Na ce, "To, Inna."

Mota ta yi ta tafiya tana jijjiga mu. Har mun hango rumfunan kasuwar Malumfashi sannan ta sake magana, muryarta ƙasa-ƙasa, kamar ba da ni take ba.

"Amma da ka bar ni a wurin, ban san yadda zan tashi ba. Gwiwoyina sun ƙi."

Shekarar nan mun sha wuya, ba zan ɓoye ba. Na koma noma da hannayen da suka saba da tsumma da sabulu, har ƙwadago na yi a gonakin mutane kafin kaka. Alhaji kuwa ban riƙe shi a zuci ba. An ɓata masa abin da yake so, a gaban baƙinsa, kuma alherin da ya yi wa mahaifina yana nan bai goge ba. Daga baya mun sha haɗuwa a kasuwa mu gaisa da mutunci, amma ban koma gidansa ba.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi nake faɗa wa 'ya'yana. Duk kyawun niyyarka, kada ka sa hannu a kayan mutum sai ka tambaye shi, don abin da yake gyara a gidanku yana iya zama ɓarna a gidan wani. In kuma naka ya zo wurin da bai san dokarsa ba, faɗa masa tun a ƙofa, kada kunya ta rufe maka baki. Sannan in rana ta zo da za ka zaɓa tsakanin abincinka da mutuncin wadda ta haife ka, kada ka tsaya lissafi. Na yi ayyuka da yawa bayan wannan, wasu ma sun fi shi albashi. Uwa kuwa ita ke nan gare ni, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake durƙusa wa kowa ba.